Maki a kan allo, ma'ana a cikin fayil: abin da wasannin kalmomin Turanci ke koya wa ma'aikaci

A watan Nuwamban 2015, a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Wellington Jighere, ɗan asalin Jihar Delta, ya lallasa Lewis Mackay na Ingila sau huɗu a jere a wasan ƙarshe, ya zama zakaran duniya a wasan Scrabble na Turanci. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambi, kuma Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya buga masa waya ya taya shi murna. Shekaru biyu bayan haka wani ɗan Najeriyar, Moses Peter, ya kai wasan ƙarshe a gasar da aka yi a Nairobi, ya zo na biyu.

Mutane da dama sun ɗauki waɗannan nasarori a matsayin shaidar cewa 'yan Najeriya sun fi Turawa jin Turanci. Magana ce mai daɗin ji, amma akwai gyara a cikinta. A watan Yulin wannan shekara ta 2015, Nigel Richards, mutumin ƙasar Niyu Zilan, ya je Beljiyam ya lashe gasar duniya ta Scrabble ta harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin gasar ya haddace cikin kimanin mako tara. A 2024 ya maimaita irin wannan a gasar harshen Sifaniyanci. Ƙasar Tailan, inda Turanci ba harshen hukuma ba ne, ta fitar da zakarun duniya biyu a gasar Turanci, ɗaya a 2003, ɗaya a 2009.

Ashe ke nan sanin kalma hawa-hawa ne. Akwai sanin cewa kalma tana nan a ƙamus da yadda ake jera haruffanta, akwai kuma sanin abin da take nufi da inda ta dace. Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya da hadimin da ke tsara wa maigidansa wasiƙu da jawabai, waɗanda wasunsu ke taɓa ɗaya daga cikin waɗannan wasanni a waya lokacin hutun rana ko a cunkoson hanyar Nyanya da Kubwa, tambayar ita ce: wane irin sani kowane wasa yake bayarwa, kuma wanne ofis yake bukata?

Wasan da aka gina a kan ƙidaya

Wanda ya ƙirƙiro Scrabble mai zanen gine-gine ne, Alfred Mosher Butts, Ba'amurken da ya rasa aiki a lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930. Ya zauna ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Turanci, har da shafin farko na jaridar New York Times, ya raba maki bisa abin da ya gano. Harafin da ke yawan fitowa ya sami maki kaɗan, wanda ke da wuyar samu ya sami maki mai tsoka. Saboda haka E, wanda ake da guda 12 a cikin 'ya'yan wasan 100, maki ɗaya gare shi, Q da Z kuwa goma-goma, J da X takwas-takwas. A 1948 James Brunot ya yi wa wasan rajista da sunan da aka san shi da shi a yau.

Allon yana da gidaje 225, wato 15 a tsaye 15 a kwance. Kowane ɗan wasa yana riƙe da haruffa bakwai, in ya zube su duka a ɗauka ɗaya sai a ƙara masa maki 50. A gasa, minti 25 kowa ke da shi na dukan wasan. Idan ɗan wasa ya yi shakkar kalmar da abokin karawarsa ya jera, sai su je gaban kwamfuta su shigar da ita. Amsa biyu ce kawai ke fitowa: ta halatta ko ba ta halatta ba. Babu mai tambayar ma'ana.

Littafin da ke yanke wannan hukunci a Najeriya da akasarin ƙasashen duniya shi ne Collins Scrabble Words, wanda bugunsa na 2019 ya ƙunshi kalmomi kusan 280,000. Gwanaye ba sa karanta shi kamar yadda ɗalibi ke karanta ƙamus. Suna jera haruffan kalma bisa tsarin abacada, su haddace duk kalmomin da za a iya fitarwa daga wannan jeri. Haruffan A, E, I, N, R, S da T, alal misali, suna ba da kalmomi fiye da goma, daga RETAINS da NASTIER da kowa ya sani zuwa RETSINA, wata giyar Girkawa. A wajen ɗan gasa duk ɗaya ne, tunda makinsu ɗaya.

Najeriya ta amince da Scrabble a matsayin wasa na hukuma tun shekarun 1990. Akwai hukumar wasan ta ƙasa, ana buga shi a Gasar Wasanni ta Ƙasa, jihohi kuma suna ɗaukar 'yan wasa da masu horarwa. A 2016 jaridar Wall Street Journal ta yi rahoto a kan salon da 'yan wasan Najeriya suka yi suna da shi: fifita gajerun kalmomi masu toshe wa abokin karawa hanya, a maimakon dogayen da ke buɗe masa gidaje masu ninka maki. Wanda ya taɓa zama gindin bishiya ya kalli dattawa suna dara zai gane wannan dabara nan take. Lissafi ne da haƙuri da karanta zuciyar abokin wasa.

Kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani

Akwai wata garaɓasa da mai jin Hausa ke samu a wannan wasa. Ginshiƙin Scrabble shi ne kalmomi masu haruffa biyu, waɗanda bugun 2019 ya kai su 127, domin da su ake manna sabuwar kalma a jikin wadda ke kan allo. Da yawa daga cikinsu suna kama da kalmomin da muke furtawa kullum. ZO ta halatta, sai dai a can sunan wata dabba ce mai kama da sa a tsaunukan Tibet. ZA gajarta sunan abincin nan ne, pizza. KO sandar haƙa ce ta mutanen Maori. DA wuƙa ce ta ƙasar Bama. KA kurwa ce a addinin Misirawan dā. MU harafi ne na Girkanci. JA, BA, NA, TA, YA da MA duk suna ciki. Amma KU, SU da WA ba su sami shiga ba, don haka a yi hattara. BOKO ma tana nan, da ma'anar hanci a Turancin kan titi na Ingila.

Sai kuma kalmomin da Turanci ya aro daga Larabci, waɗanda Hausa ta riga shi arowa. Harafin Q shi ne ƙarfen ƙafar 'yan wasa, saboda a yawancin kalmomin Turanci sai da U yake tafiya. Mafita tana cikin kalmomi irin su QADI, wato alƙali, da QIBLA, da NIQAB, da WAQF, da FAQIR, da TALAQ. Baturen da ya haddace su sau da yawa bai san abin da suke nufi ba, ɗan makarantar allo kuwa ya san alƙibla da waƙafi tun yana ƙarami. ZAKAT, HAJJ, IMAM, EMIR da MALLAM duk sun halatta, haka NAIRA da KOBO.

Wannan ya nuna cewa Turanci harshe ne mai yawan aro, kuma ƙofarsa ba ta rufe ba. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya sanar da shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da okada, danfo, buka da Kannywood. A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu 20, har da suya da japa. Sai dai ƙamusun Oxford daban, jerin Collins daban. Shigar kalma ɗaya bai ba ta izinin hawa allo ba, kuma sunaye irin su Kannywood, da ake farawa da babban harafi, ba su da gurbi a wasan ko kaɗan.

Wasan da ke tambayar ma'ana

Wasan cike gurbi na jaridu, wanda Turawa ke kira crossword, ta wata ƙofar ya ɓullo. A nan ma'ana ake bayarwa, a nemi kalmar. Arthur Wynne, ɗan jarida haifaffen Liverpool, shi ya buga na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Jaridar The Times ta Landan ta fara nata a 1930, New York Times kuma a 1942.

A Ingila aka raya wani nau'i mai sarƙaƙiya, inda kowace tambaya ke ɗauke da ma'anar kalmar a gefe guda da wasa da haruffanta a ɗaya gefen. Mai warwarewa dole ya riƙa tambayar kansa ko kalmar da ke gabansa suna ce ko aikatau, kuma ko tana da wata ma'anar da ba ita ta fara zuwa zuciya ba. Misalin da aka fi sani shi ne flower, wadda kowa zai ɗauka fure ce, alhali mai tsara wasan yana nufin abin da ke gudana, wato kogi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Kacici-kacicin da ake yi da dare a tsakar gida, da zaurance, da habaici, duk horo ne na jin magana a nemo abin da ke ƙarƙashinta.

Gwamnatin Birtaniya ta taɓa ɗaukar wannan baiwa da muhimmanci. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin minti 12. Daga baya hukumomin yaƙi suka tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice, aka ɗauke su aikin warware saƙonnin sirri na Jamusawa a Bletchley Park. A 1944 kuma jami'an leƙen asiri suka yi wa mai tsara wasan jaridar, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe, tambayoyi, bayan da kalmomin Utah, Omaha, Overlord, Mulberry da Neptune suka fito a matsayin amsoshi 'yan makonni kafin dakarun ƙawance su sauka a gaɓar Normandi. Duka sunayen sirri ne na wannan farmaki.

Wordle yana tsakanin waɗannan biyun. Josh Wardle, injiniyan manhaja ɗan yankin Wales mazaunin New York, shi ya sake shi ga jama'a a watan Oktoban 2021, New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Kalma ɗaya ce mai haruffa biyar a kowace rana, da damar gwaji shida. Wasan yana karɓar kalmomi fiye da 12,000 a matsayin gwaji, amma jerin amsoshinsa na asali 2,315 ne kacal, waɗanda aka tace domin su zama sanannu. Amfaninsa shi ne yana saba wa ido da tsarin haruffan Turanci. Haɗarinsa ga ma'aikacin Najeriya shi ne ƙa'idar rubutun Amurka yake bi. Ranar da amsar ta zama FAVOR, mutanen Ingila sun yi ta ƙorafi, domin su favour suke rubutawa, kuma irin tasu ce takardun gwamnatinmu suka gada.

Inda kalma ke da farashi

Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, da kuma Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata. A aikace, dokoki, takardun umarni, kasafin kuɗi, yarjejeniyoyi da jarrabawar ƙarin girma duk da Turanci suke. A wannan fagen ba a tambayar ko kalma ta halatta. Abin da ta ɗora wa mutum ake tambaya.

A ɗauki SHALL da MAY. A kan allon Scrabble kowacce maki takwas ce cif. A cikin doka ko takardar umarni, ta farko kan nuna wajibi, ta biyu kan bar wa jami'i zaɓi. Hadimin da ya musanya su a daftarin da ya kai wa maigidansa ya sauya nauyin da ke kan ma'aikata guda, ko ya ɗaure hannun da aka so a sake, ko ya saki wanda aka so a ɗaure.

Kalmar AND maki huɗu ce. Amma a kanta aka yi ɗaya daga cikin manyan muhawarorin shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Sashe na 134 ya bukaci wanda zai ci zaɓe ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sannan kalmar ta biyo baya ta haɗa da Babban Birnin Tarayya. Masu ƙara, Atiku Abubakar da Peter Obi, sun ce wannan na nufin dole a sami kashi 25 a Abuja ita kanta, abin da Bola Tinubu bai samu ba. Ɗaya ɓangaren ya ce ana lissafa Abuja ne kamar ɗaya daga cikin jihohi. Ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar da fassara ta biyu. Tun a 1979 ma an yi makamancin wannan, lokacin da Obafemi Awolowo ya ƙalubalanci nasarar Shehu Shagari a kan abin da kashi biyu cikin uku na jihohi 19 yake nufi.

Ba sai an je kotu ba, fayil ɗin da ke kan tebur ma cike yake da irin waɗannan tarkuna. Sanction tana nufin amincewa, tana kuma nufin hukunci ko takunkumi. Oversight ita ce sa idon da kwamitocin majalisa ke yi a kan ma'aikatu, ita ce kuma kuskuren da aka yi bisa mantuwa. Vote ƙuri'a ce a rumfar zaɓe, a ofishin akanta kuwa kason kuɗi ne da aka ware wa wani aiki. Retire barin aiki ne, amma idan aka ce jami'i ya yi hakan ga kuɗin da aka ba shi, ana nufin ya kawo rasit ya yi bayanin yadda ya kashe su. Idan Baturen Ingila ya yi amfani da table a zauren taro, gabatar da batu yake nufi, Ba'amurke kuwa jingine shi yake nufi. Biannual sau biyu ne a shekara, biennial sau ɗaya a shekara biyu, kuma wanda ya rubuta ɗaya a wurin ɗaya a takardar neman kuɗin taro ya ninka kasafin sau huɗu ko ya rage shi haka.

Akwai kuma severally. A bakin 'yan Najeriya tana nufin sau da yawa, kuma tana cikin kalmomin da Oxford ya amince da wannan ma'ana tasu a 2020. A takardar kwangila kuwa tsohuwar ma'anarta ce ke aiki, wato kowa a kan kansa, ta yadda za a iya bin kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu bashi shi kaɗai. Jami'in da ya karanta ta da ma'anar titi bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Ɗan wasan Scrabble zai gaya maka cewa haruffan IMPREST su ne dai haruffan PERMITS, kuma kowacce za ta kawo masa ƙarin maki 50. Akanta zai gaya maka cewa ta farko kuɗin hannu ne da ake bai wa jami'i don ƙananan hidimomin ofis, kuma wanda bai yi bayaninsu ba zai ga takardar tuhuma. Dukansu sun san kalmar, amma sanin ɗaya ne kaɗai zai fitar da ma'aikaci a gaban mai binciken kuɗi.

Yadda wasa zai zama karatu

Wannan ba ya rage wa wasannin daraja. Scrabble yana gyara rubutu, yana koyar da yadda ake gina kalma daga saiwa da ɗafi, ta yadda wanda ya saba ganin RE a gaba ko MENT a baya zai iya hasashen ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba. Yana kuma koyar da yanke shawara cikin ƙurarren lokaci. Abin da ya rage shi ne ɗan wasa ya ƙara wa kansa matakin da dokar wasan ba ta nema ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa sharaɗi tsakanin abokan wasa a ofis ko a gida: duk wanda ya jera kalma sai ya faɗi ma'anarta, in ya kasa a buɗe ƙamus kowa ya ji. Wasan zai ɗan yi jinkiri, amma kowa zai tashi da guzuri. Wanda ke buga Wordle kuma ya ware minti biyu bayan ya gama, ya duba duk ma'anonin kalmar ranar, ya ga ko rubutun Ingila ya bambanta da na Amurka.

Mataki na gaba shi ne a nemi takwarar kalmar a Hausa. Nan ne ake gane ko an fahimce ta. Mutum zai iya yin shekaru yana rubuta virement a takarda, amma ranar da aka ce ya bayyana wa wani dattijo daga mazaɓar maigidansa, sai ya ga dole ya ce karkatar da kuɗi daga wani kason kasafi zuwa wani bisa izini. Kayan aikin suna nan: ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham, da na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Hadimin da ke tsayawa tsakanin takardar Turanci da jama'ar da ke jin Hausa tafinta ne, ko an rubuta haka a takardar ɗaukarsa aiki ko ba a rubuta ba.

Darasin gajerun kalmomi ma yana da wurin zama a ofis. Akwai tsohuwar al'ada a rubutun ma'aikata ta ɗaukar doguwar kalma a matsayin alamar ilimi, har takarda ta cika da Turancin da sai an karanta sau uku kafin a gane abin da ake nema. Babban Sakataren da fayil hamsin ke jiransa kafin a tashi ya fi bukatar jimlar da za ta gaya masa matsalar, da abin da ake so ya amince da shi, da nawa zai ci. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kalmar da marubuci bai tabbatar da ma'anarta ba gara ya bar ta a ƙamus ya ɗauki wadda ya sani.

A gasar Scrabble, wanda ya jera kalmar da babu ita asararsa ɗauka ɗaya ce: ya kwashe haruffansa, wasa ya ci gaba. Takardar da aka sa wa hannu aka buga mata hatimi ba ta kwasuwa haka. Tana shiga fayil, kuma duk wanda ya buɗe shi bayan shekara goma, mai bincike ne ko lauya ko kwamitin majalisa, da abin da kalmar take nufi zai yi aiki, ko da marubucin wani abu dabam ya so faɗa.